Yadda ake gane dattin da ke taruwa a jikin famfon mai na tsohuwar mota

Famfon mai na tsofaffin motoci masu kafireta, irin su Peugeot 504 da 505 waɗanda kamfanin Peugeot na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya cika ƙasar nan da su, ba ya lalacewa rana ɗaya. Kafin ya tsaya yakan yi watanni yana tsattsafar da mai kaɗan-kaɗan, kuma da yake fetur ba ya daɗewa a kan ƙarfe mai zafi, sau da yawa mai mota ba ya ganin ɗigo ko ɗaya. Abin da yake gani shi ne abin da ya saura bayan man ya bushe: wani lokaci danƙo ruwan zuma, wani lokaci farin gari, wani lokaci ɓawo kore a bakin bututu, wani lokaci kuma baƙin kwaɓi mai maiƙo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilinsa, kuma ba duka ba ne laifin famfon. A garejinmu an saba yaron shago ya kawo fetur a gwangwani da burushi ya wanke wurin tas kafin maigidansa ya leƙa, to wannan wankin yana tafiya da shaidar da za ta nuna inda matsalar take. Daga nan sai a sayi sabon famfo a ɗaura, bayan 'yan watanni dattin ya dawo yadda yake.

Kafin a taɓa komai, a kai motar fili inda iska ke kaɗawa, a bar injin ya huce sarai, a cire kan batir na negatif, a ajiye tukunyar kashe gobara ta gari kusa da hannu. Tururin fetur ya fi iska nauyi, saboda haka yana kwanciya a ƙasa ya bi rami da magudana, kuma yana iya kamawa daga nesa da inda ya zubo. Kada a yi wannan aiki kusa da mai walda, ko janareta mai aiki, ko mai shan taba, kuma a haska da tocila mai batir kawai.

Yadda famfon yake, da wuraren da zai iya yoyo

Famfon da injin ke tuƙawa yana ɗaure ne a jikin injin da noti biyu, kuma yana da sama da ƙasa. Tsakaninsu akwai wata faffaɗar roba mai zare a ciki, wadda makanikai ke kira dayafiram. Kamshaf na injin yana tura hannun famfon, ko wani ɗan sanda gwargwadon ƙirar, hannun ya ja dayafiram ƙasa ya tsotso mai daga tanki ta bawul na shiga, sannan sifirin ya mayar da shi sama ya tura man zuwa kafireta ta bawul na fita. Matsin da yake bayarwa ba shi da yawa, yawanci tsakanin bar 0.2 da 0.35 ne, wato kimanin psi 3 zuwa 5. Abin da ya kamata a riƙe shi ne cewa saman dayafiram na fetur ne, ƙasansa kuma yana buɗe zuwa cikin injin inda baƙin mai, wato man injin, ke fantsama. Don haka ruwa iri biyu ne ke haɗuwa a wannan ɗan ƙaramin wuri, kuma yawancin famfunan suna da wata 'yar ƙofa a ƙasan jikinsu wadda aka yi domin iska ta riƙa shiga da fita, kuma domin mai ya sami hanyar zubowa waje idan dayafiram ya yage.

Wuraren yoyo ke nan: murfin sama da gasket ɗinsa idan famfon mai buɗewa ne, layin da sama da ƙasa suka haɗu suka matse gefen dayafiram, gindin bututun shiga da na fita inda aka dasa su cikin jikin famfon, bakin tiyo inda kilif ya kama, ita 'yar ƙofar ƙasa, da kuma gasket ɗin da ke tsakanin famfon da injin. Wasu famfunan suna da bututu na uku mai mayar da rarar mai tanki, shi ma a sa shi cikin lissafi.

Dubawa kafin wanki

A fara da ido. A ɗauki hoton wurin da waya ta ɓangarori daban-daban, har da ƙasan famfon, wanda sai da ɗan madubi ake ganinsa da kyau. Ruwa yana gangarawa ƙasa, iskar fanka da ta tafiya kuma suna kora shi baya, saboda haka inda datti ya fi kauri ba kasafai yake zama tushen yoyon ba. Tushen yana can a wuri mafi tsawo kuma mafi gaba da jiƙar ta kai. Idan an bi sawun aka ga ya haura sama da famfon, ya nufi murfin bawul ko kafireta ko wani tiyon ruwa, to famfon ɗigowa ake yi masa daga sama, ba shi ne mai yoyon ba.

A lura kuma da wurin da ya yi tsabta fiye da kima. Injin da ya sha ƙurar hunturu da jar ƙasar hanya ba ya rasa datti ko'ina, don haka idan aka ga wani siririn layi ƙal, ƙarfen yana ƙyalli, gefensa biyu kuma an zagaye shi da tabo ruwan ƙasa, to fetur ne ke bin wurin yana wanke shi, yana tura maiƙo da ƙura gefe. Wannan layin ya fi kowace alama saurin kai mutum ga tushen yoyo, kuma shi ne farkon abin da burushi ke shafewa.

Bayan haka a kankaro kaɗan daga kowane irin datti da tsinken katako ko gefen roba, kada a yi da sukundireba domin jikin famfon ba shi da tauri, a ajiye kowanne daban a kan farar takarda. Za a bukaci ruwa kaɗan, da ɗan tina ko maganin feshin wanke kafireta, da maganaɗisu. Da waɗannan ukun ake rarrabe kusan duk abin da za a samu.

Danƙo ruwan zuma ko ruwan ƙasa

Wannan shi ne ya fi yawa, kuma shi ne sawun fetur na gaskiya. Fetur haɗin sinadarai ne masu yawa, wasu masu saurin tashi, wasu masu nauyi. Idan ya tsattsafo a kan ƙarfe mai zafi, masu sauƙin suna tashi nan take, masu nauyin su saura, iska ta ci gaba da dafa su har su zama danƙo mai kama yatsa, daga baya ya bushe ya yi tauri da ƙyalli kamar fentin banish na kafinta. Ba ya narkewa a ruwa, amma tina na narkar da shi ya bar tabo ruwan ɗorawa a takarda, kuma yana da wani wari mai tsami na tsohon fetur wanda duk wanda ya taɓa buɗe tankin motar da ta daɗe a ajiye ya san shi.

Kaurinsa yana nuna daɗewar yoyon. Sirara mai laushi na makonni ne, ɓawo mai tauri da ya hau kan juna kuwa na watanni ne. Wurinsa kuma shi ke nuna abin da za a gyara. Idan ya zagaye layin tsakiya na famfon, gefen dayafiram ya bushe ya tsuke, ko sukurorin sun saki, ko kuma fuskar ƙarfen ta karkace saboda an taɓa ɗaure ta da ƙarfin tsiya. Idan ya fito daga 'yar ƙofar ƙasa, dayafiram ya yage, kuma babu wani ɗauri da zai magance wannan. Idan yana gindin bututu ne, a kama bututun a jijjiga shi a hankali, domin ana dasa waɗannan bututun tagulla ne da matsi kawai, kuma zafi da jijjigar shekaru suna sassauta su. A Volkswagen Beetle wannan sananniyar hanyar gobara ce, bututun yakan zare gaba ɗaya daga famfo ko kafireta, mai ya fesu a kan injin mai zafi. Duk bututun da ya motsa a hannu, ko da kaɗan ne, ba a sake tuƙa motar sai an gyara shi.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata a kula da shi. Idan tabon bai bushe ba bayan motar ta kwana, yana nan da danshi da santsi amma ba baƙi ba, to a yi shakkar man da aka sha. Kananzir da man gas ba sa tashi da sauri irin na fetur, kuma man da aka saya a jarka wurin 'yan bumburutu wani lokaci yakan zo a gauraye. A ɗiga ɗigo ɗaya daga tiyon mai a kan farar takarda a jira 'yan mintuna. Fetur mai kyau zai bushe ya bar takardar kusan yadda take, gaurayayye kuwa zai bar zoben maiƙo.

Farin gari ko toka-toka

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. Jikin yawancin waɗannan famfunan ƙarfen zubi ne na tutiya gauraye da alminiyam, wasu kuma alminiyam ne zalla. Waɗannan ƙarafa ba sa yin jar tsatsa, tasu tsatsar fara ce, kuma fetur kaɗai ba ya haifar da ita. Sai da ruwa. Saboda haka duk lokacin da aka ga farin gari a jikin famfo, tambayar farko ita ce daga ina ruwan ya zo, daga waje ko daga ciki.

Idan garin ya bazu a bayan famfon baki ɗaya, kuma ana ganin irinsa a jikin kafireta da altaneta da sauran kayan alminiyam, to ruwan waje ne: wankin injin da ruwa mai ƙarfi, ko ratsa ambaliyar damina, ko ajiye mota a wuri mai laima. Wannan bai cika yin illa ba, a goge shi ya wadatar. Amma idan garin ya taru ne a layin tsakiya, ko ƙarƙashin murfi, ko gindin bututu, sauran kayan injin kuma lafiya lau, to ruwan yana tafe ne cikin man. A buɗe murfin famfon idan mai buɗewa ne. Za a tarar da farin ɓawo ko wani farin kwaɓi a kwance a ƙasan ɗakin mai da kan 'yar rariyar da ke ciki, kuma idan aka kankare shi za a ga ƙananan ramuka a ƙarfen. Waɗannan ramukan su ne suke cinye wurin zaman gasket da na bawul, har wani lokaci su huda jikin famfon. Famfon da ya kai wannan hali ba ya gyaruwa da sabon dayafiram, sai sauyawa.

Ruwa yana shiga tanki ta hanyoyi da dama: murfin tanki da robarsa ta mutu, tankin gidan mai da ruwan sama ya shiga, jarkar da ba a tsane ba, da kuma raɓar da ke taruwa a cikin tankin da ake yawan barinsa kusan wayam, musamman lokacin sanyi da dare ke yin sanyi rana ta yi zafi. Akwai kuma barasar da ake gauraya wa fetur. Etanol da metanol suna jan ruwa daga iska su riƙe shi, kuma suna cin tsohuwar roba da ƙarfen tutiya. A Birtaniya, tun da aka mayar da fetur mai etanol har kashi 10 cikin 100 ya zama na yau da kullum a Satumban 2021, an riƙa gargaɗin masu tsofaffin motoci su guje shi. A Najeriya kuma, a Fabrairun 2022, hukumomi sun sanar cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai metanol fiye da ƙa'ida, abin da ya jawo janye man daga kasuwa da dogayen layuka a gidajen mai. Tsohon dayafiram da aka ƙera kafin a san da irin wannan mai shi ne farkon abin da ke kumbura ko ya tsage idan ya gamu da shi.

Gwajin ba shi da wuya. A zare tiyon da ya fito daga tanki a tari mai a kwalbar gilashi mai tsabta, a rufe, a ajiye ta a inuwa kamar rabin awa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka zai kwanta a ƙasa ya yi layi ko 'yan ƙwallaye, man da ya yi hazo-hazo kuma alama ce ta ruwan da bai gama rabuwa ba. Domin gane barasa, a zuba ruwa mililita 10 a siririyar kwalba a yi alama a inda ya tsaya, a ƙara fetur mililita 90, a girgiza sosai, a bar shi ya natsu. Idan layin ruwan ya haura alamar, barasar da ke cikin man ce ta koma cikin ruwan. Idan an sami ruwa a tanki, dole a sauke tankin a wanke a shanya, in ba haka ba sabon famfon ma hanyar tsohon zai bi.

Farin abu ba koyaushe tsatsa ba ne, kuma ɗigon ruwa a kan abin da aka kankaro yana raba gardama. Tsatsar tutiya da alminiyam ba ta narkewa, tana zama gari a cikin ruwan. Idan abin ya yi santsi ya yi kumfa da aka murza shi, sabulu ne. Direbobin dogon zango sun daɗe suna liƙe yoyon mai da sabulun wanki a hanya domin fetur ba ya narkar da shi, dabara ce mai kyau ta isa gari, amma wani mai motar yakan manta da ita har ya sayar da motar. Idan kuwa ɓawon ya narke ya ba da launin kore ko ruwan hoda ko shuɗi, ruwan lagireto ne mai magani ya ɗigo ya bushe, a nemi tiyon ruwan da ke sama. Inda ruwan rijiya zalla ake zuba wa lagireto, kamar yadda da yawa ke yi, sawun yakan zama fari mai ratsin tsatsa, mai kaushi. Idan kuma batir na kusa, fentin wurin ya ci, garin ya yi fari da ɗan shuɗi kuma ya tafasa da aka zuba masa ruwan bekin soda, to ruwan batir ne, kada a taɓa shi da hannu tsirara.

Kore, ja da baƙi

Ɓawo kore ko shuɗi-shuɗi a bakin bututu tsatsar tagulla ce, kuma ita ma labarin ruwa take bayarwa. A zare tiyon a duba ƙarƙashinsa, domin ramukan da ke kan bututun su ne ke hana tiyo kamawa komai ɗaurin kilif.

Jan gari ko ƙananan ɓarɓashi ruwan goro a cikin famfo ko filta daga tanki ko bututun ƙarfe suke zuwa. Da yake jar ƙasar hanyoyinmu ma haka take a ido, a kusantar da maganaɗisu: ɓarɓashin tanki yawanci yana bin sa, ƙasa kuwa da ƙyar take motsawa kuma tana da tsakuwa idan aka murza. Ɓarɓashi ɗaya idan ya maƙale a bawul ya isa ya hana famfon riƙe mai, motar ta riƙa wahalar tashi da safe.

Baƙin datti iri biyu ne. Idan kwaɓi ne mai maiƙo da ƙura ta kama, ba ya bushewa, ba shi da warin fetur, to baƙin mai ne, kuma yawanci daga gasket ɗin gindin famfon yake. Idan daga 'yar ƙofar ƙasa yake fitowa, robar da ke tare mai a sandar dayafiram ta mutu, ko kuma injin yana hura iska da yawa a cikinsa saboda ringi sun ci ko tiyon numfashin injin ya toshe, kuma a irin wannan hali sabon gasket ma ba zai daɗe ba. Idan kuwa baƙin abin ɓarɓashi ne mai laushi da ke shafa baƙi a yatsa, tiyo ne ke rugujewa. A lanƙwasa shi a duba tsagewa. Tiyon mai na gaskiya yana da rubutu a jikinsa, irin su SAE J30 R6 ko R7 na ƙaramin matsi, da R9 wanda ya fi jure matsi da barasa. Tiyon ruwa da farar robar nan ta kasuwa da ake gani a injuna da yawa ba na fetur ba ne, ɗaya yana narkewa, ɗayan kuma yana sandarewa ya tsage.

Wani abin da ake yawan tararwa shi ne kumburarren abu mai laushi, ja ko shuɗi ko toka, yana leƙowa daga tsakanin ƙarafa. Wannan gam ɗin silikon ne da wani ya shafa a madadin gasket. Fetur yana jiƙa shi ya kumbura ya saki, gutsattsarinsa kuma su tafi su toshe kafireta. Ba shi da wuri a ɓangaren fetur ko kaɗan.

Gano tushen yoyon da tabbatar da shi

Sai bayan an gama duk wannan ne ake wanke wurin. A wanke shi da maganin feshi, a goge da tsumma, a bar shi ya bushe sarai, a kwashe tsummokaran a kai nesa. Sannan a barbaɗa hodar jarirai ko dakakken alli a kan famfon da bututunsa da jikin injin da ke kewaye, har wurin ya yi fari. A mayar da kan batir, a tayar da injin, a tsaya gefe ana kallo, hannu da riga nesa da fanka. Wurin da hodar ta fara yin duhu shi ne tushen. Idan minti biyar sun wuce ba a ga komai ba, a ɗan taka totur, sannan a kashe injin a ci gaba da kallo har minti goma sha biyar, domin bayan an kashe ne zafin injin ke hawa famfon, man da ya maƙale tsakanin bawul da kafireta ya kumbura, ƙaramin yoyo ya bayyana. Ɓangaren fita yana yoyo ne lokacin da injin ke aiki ko jim kaɗan bayan an kashe. Ɓangaren shiga kuwa akasin haka yake: lokacin aiki iska yake tsotsa, motar ta riƙa shaƙewa a hawa ko a gudu, sai ta tsaya ne yake tsattsafowa, musamman idan tanki a cike yake ko hancin motar na kallon gangara. Shi ya sa yana da kyau a bar hodar ta kwana a sake dubawa da safe.

Yoyon da ya fi haɗari ga injin ba ya barin datti a waje ko kaɗan. Idan dayafiram ya yage, kuma 'yar ƙofar ƙasa ta toshe da laka ko danƙo, ko ƙirar famfon ba ta da ita, fetur yana gangarawa kai tsaye cikin baƙin mai. Saboda haka duk wanda ya ga alamar yoyo a famfo ya zaro gejin baƙin mai ya duba. Idan man ya haura alamar cika alhali ba a ƙara ba, ya tsinke yana ɗiga kamar ruwa, kuma yana warin fetur, to an samu. A ɗiga shi a takarda, za a ga baƙin tsakiya da faffaɗan zobe mai haske da ya bazu da sauri. Wasu suna gwada shi da ashana, wannan ganganci ne kuma bai ƙara komai a kan hanci da takarda ba. Man da fetur ya tsinka ba ya riƙe kamshaf da metal, wato faifan ƙarfen da sandunan injin ke juyawa a kansu, don haka kada a sake tayar da injin sai an sauya famfon, an juye man, an sa sabuwar filta. Kafireta mai ambaliya da cok da ya maƙale su ma suna tsinka baƙin mai, amma a hankali, kuma suna zuwa da baƙin hayaƙi da baƙaƙen fulogi, famfo kuwa yana iya ɗaga gejin cikin 'yan kwanaki.

Idan ana son sanin lafiyar famfon kansa, a cire wayar wuta ta kwil domin kada injin ya tashi ko tartsatsi ya fita, a sa tiyon fita a cikin kwalba, wani ya murza makulli na 'yan daƙiƙu. Famfo mai lafiya yana tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu, ba tare da kumfa ba. Kumfa alamar iska ce daga ɓangaren shiga. Wanda ke da gejin matsi ya haɗa shi tsakanin famfo da kafireta ya kwatanta da adadin da littafin motar ya bayar, kuma ya lura ko allurar tana faɗuwa nan take bayan an kashe injin, domin hakan na nuna bawul ko dayafiram ba sa riƙewa, ko allurar fulot ta kafireta, wato abin da ke rufe hanyar mai idan kafireta ta cika, tana zubarwa.

Wajen mayarwa, a kula da ɗan kaurin faifan da ke tsakanin famfon da injin a motocin da ke da shi. Yana tare zafi, kuma kaurinsa yana cikin lissafin tafiyar hannun famfon, don haka cire shi ko sauya shi da wani kauri yana canza matsin kuma yana gajiyar da dayafiram. A duba shi da kyau domin yakan tsage ya zubar da baƙin mai. Fuskar ƙarfen da ake shakkar ta karkace a goga ta a hankali a kan lallausar sanfefa da aka shimfiɗa a kan gilashi, wuraren da ba su taɓu ba su ne suka lotsa. Sukurorin tsakiya kuma a ɗaure su kaɗan-kaɗan, ɗaya sannan na daura da shi, ba a bi su a jere ba. A sa filta tsakanin tanki da famfo, a kuma tabbatar 'yar ƙofar ƙasa a buɗe take.

Da yawa idan famfon asali ya dame su sukan ɗaura na lantarki. Babu laifi a hakan idan an zaɓi mai ƙaramin matsi da aka yi domin kafireta, domin famfon motoci masu injekta yana ba da bar 2.5 zuwa 3 ko fiye, wanda zai rinjayi fulot ya cika injin da mai. Kuma kada a bar tsohon famfon a kan layi man yana ratsa shi. Idan dayafiram ɗinsa ya yage, na lantarkin zai riƙa ɗura fetur cikin baƙin mai muddin makulli na kunne, ko da injin ba ya aiki. A cire shi gaba ɗaya, a rufe gurbinsa da faifan ƙarfe da sabon gasket, a kuma haɗa wutar sabon famfon ta fis da rile yadda zai tsaya da zarar injin ya mutu.